Jan ƙafar Lone Star: aibi ne ko shi ne daɗin fim ɗin?

Usman: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, Lone Star ɗin John Sayles na 1996 da an gaggauta shi da ya lalace, wannan jan ƙafar da ake ta kuka da ita ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Ga wanda bai kalla ba: an tsinci ƙwarangwal da bajon sherif, wato shugaban 'yan sandan yanki, a tsohon filin harbin sojoji kusa da wani gari a Texas, bakin iyakar Amurka da Meziko, ashe na Charlie Wade ne, azzalumin sherif ɗin da ya yi ɓatan dabo tun 1957. Mai binciken shi ne Sam Deeds, wanda yake zargi kuma mahaifinsa ne marigayi Buddy, mutumin da garin ke yabo kamar ba ya laifi.

Halima: Yaya Usman gaskiya ban yarda ba. Awa biyu da kwata fa! An ce min fim ɗin binciken kisa ne, na zauna ina jiran bincike sai ga taron iyaye a makaranta, sai ga wani kanar ɗin soja da babansa mai mashaya, sai ga tsohuwar soyayya, wallahi har mantawa nake akwai gawa a labarin. Ai wannan yaudarar mai kallo ce.

Usman: To ƙanwata wannan taron makarantar kan me ake faɗa? Kan yadda za a koyar wa yara tarihin Texas ne. Texas ɗin nan ta Meziko ce har 1836, ta shiga Amurka a 1845, aka gwabza yaƙi daga 1846 zuwa 1848 kafin kogin Rio Grande ya tabbata iyaka. Turawan garin na son a ce jarumta ce, 'yan asalin Meziko na cewa ƙwace ne. Shi ne dai abin da Sam yake fama da shi a kan babansa, wane labari za a bar wa 'yan baya kuma wa ya zaɓa.

Malam Sani: Ku bari in sa baki. Halima tana da gaskiya ta wani ɓangaren, mutanen sun yi yawa, ni kaina labarin kanar ɗin nan ina ganin da an rage shi ba abin da zai ragu.

Zainab: A'a Malam, nan kam ban bi ka ba. Kanar Payne ai shi ne ya buɗe mana unguwar baƙaƙen fata, kuma mashayar da mahaifinsa Otis yake aiki a lokacin yana saurayi tana cikin wuraren da Wade ke zuwa karɓar na goro da ƙarfin bindiga. In ka cire su ka cire shaidu. Garin nan kashi uku ne, Turawa, 'yan Meziko, baƙaƙe, kowa ya san guntun abin da ya faru kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru kusan shekara arba'in, to ta yaya za ka gane dalilin shirun in ba ka zauna da su ba, ka ji tsoronsu, ka ga abin da kowa ya samu da wanda ya rasa? Mutumin da ya ɓoye magana tsawon haka ba ya amayar da ita a minti biyar don ɗan sanda ya ɗaure fuska.

Usman: Allah ya biya ki Anti Zainab. Ku duba ma yadda yake komawa baya, ba ya yanke hoto, kyamara kawai za ta juya a hankali a ɗaki ɗaya sai ka tsinci kanka a 1957, Kris Kristofferson na tsaye a matsayin Wade. Wannan ba a yin sa da gudu.

Halima: Wannan juyin kyamarar kam ya burge ni, ba zan ɓoye ba, kuma duk inda Wade ya fito sai gabana ya faɗi. Amma ai hujjata ce hakan, wuraren da ke da zafi su suka riƙe ni, sauran haƙuri na yi.

Malam Sani: Ku tuna Sayles shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya tace da hannunsa, ba wani babban kamfani a kansa da zai ce yanke nan. Rubutun har ya shiga takarar Oscar. 'Yancin nan shi ya ba mu taron makarantar, amma mai tace aikin kansa yakan ji tausayin abin da ya kamata ya zubar.

Zainab: To Malam faɗa min fitowa ɗaya da za a zubar ba tare da wani ya rasa dalilinsa ba. Ko Mercedes, mahaifiyar Pilar tsohuwar budurwar Sam, da take kiran jami'an iyaka su kama masu tsallakowa, sai can gaba ka gane ita ma ta cikin kogin nan ta shigo.

Halima: Ita Mercedes na yarda a bar ta Anti. Amma zuwan da Sam ya yi gidan tsohuwar matarsa mai haukan ƙwallo fa? Takardun babansa kawai ya je ɗauka, minti ɗaya ya isa, wannan kam har gobe ina cewa a rage shi.