RNA ɗin da nake cirowa a dagargaje yake fitowa, a taimaka

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Digiri na biyu nake yi a nan Kaduna, aikina kan ganyen masara. Malamina ya ce kafin ƙarshen wata yake son sakamako, kuɗin sinadarai daga aljihun maigidana suke fita, ga TRIzol ɗin, sinadarin da nake ciro RNA da shi, ya kusa ƙarewa. Duk sanda na ciro RNA, zaren da ke ɗaukar saƙon DNA a ƙwayar halitta, na sa a jel ɗin da ke raba shi bisa girma, ba na ganin layi, sai shafe-shafe can ƙasa. Ina matsalar take?

Malam Bala: Wa'alaikumus salam. Ba ki faɗi nauyin ganyen ba, ba ki faɗi yadda yake zuwa daga gona ba. Wajen kashi 80 cikin 100 na RNA ɗin ƙwayar halitta rRNA ne, wato RNA na ribosom mai haɗa furotin, shi ya sa a tsiro ake neman layinsa biyu a jel, 25S da 18S. In sun ɓace, RNase, sinadarin da ke sassara RNA, ya cinye miki. Yana cikin ganyen kansa, yana kan fatar hannunki, kuma tafasawa ba ta gamawa da shi. RNA zare ɗaya ne, ga OH a kabon na 2 na sukarinsa, bai kai DNA juriya ba. Ganye miligiram 50 zuwa 100 ake sa wa mililita 1 na TRIzol, kulorofom mililita 0.2, a juya a injin centrifuge a ƙarfin 12,000 g minti 15 a sanyin digiri 4. Ruwan da ya taso sama kaɗai za ki zuƙa.

Hauwa'u: Malam, ina sa safar hannu fa. Ganyen a cikin kula mai ƙanƙara nake kawo shi, kuma nakan ɗan ƙara yawansa don in samu RNA da yawa.

Malam Bala: Ƙarin nan ne ya kashe ki. Sinadarin ba zai iya danne RNase ɗin ganye mai yawa haka ba. Ƙanƙara kuma ba ta tsayar da shi, ruwan naitirojin ake tsoma ganye nan take a gona.

Injiniya Yusuf: A ina za ta samo naitirojin? Mu da firizar mai sanyin digiri -80 ke narkewa duk sanda aka ɗauke wuta, ba mai sayen man janareta. Ki nemi RNAlater, ruwan adana RNA, yana riƙe samfur mako guda a digiri 25.

Anti Rabi: Ni tankin jel ɗin nake zargi. In an saba gudanar da DNA a ciki, can RNA zai lalace ko da lafiya ya fito. Ki wanke shi, ki haɗa sabon ruwan jel. Nawa 260/280 ɗinki, wato awon tsabtar RNA da hasken UV? Kusan 2.0 ake so.

Malam Bala: Hajiya, dagargajajjen RNA ma yana ba da 2.0. Wannan awon tsabta yake nunawa kawai.

Hauwa'u: 1.9 nake samu. Kuma wata a ɗakin gwajinmu da ƙanƙarar take kawo nata, ya yi mata. RNAlater ɗin nawa ne yanzu?