Ɗanyar kaza a firij da irin wutarmu ta Katsina: kwana nawa kuke bari?

Amarya, Dutsin Safe:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Maigida na son sayo kaji shida a yanka lokaci guda saboda azumi, wai sun fi sauƙi a haka. Firij ɗinmu ƙarami ne, gidan ƙanƙarar ba ya cin fiye da biyu, wuta kuma kun san halinta. Kwana nawa ɗanyar kaza ke yi a ƙasan firij, kuma yaya ake gane ta juya? Don Allah kowa ta faɗi abin da ta gani da idonta.

Maman 'yan biyu, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam amarya. Kwana ɗaya zuwa biyu ne, shi ma in wuta ta zauna. Ni ranar da aka kawo nake yankawa, in ƙulla a leda daidai miya ɗaya ɗaya, in jefa a firiza. Wadda ba ta samu wuri ba in sulala ta da albasa da citta da gishiri, in soya. Kada ki ajiye ɗanya a saman firij. Ki sa a roba mai murfi a can ƙasa. A gidan maƙwabciyata ruwan jinin ya ɗiga cikin yankakkiyar kankana, ba wanda ya lura, yara uku suka kwana gudawa da amai.

Mai sayar da kaji, 'Yar Kutungu:
Hajiyoyi ku ba ni dama in sa baki. Sau da yawa kaza tun a hanya take lalacewa, firij bai san hawa ba bai san sauka ba. An fige ta da ruwan zafi, an ɗaure a baƙar leda da ɗuminta, Alhaji ya jefa a bayan mota ya shiga cefane, ya tsaya La'asar, ya biya gaisuwa. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40! Gobe a dawo a ce mun ba da mushe. Hanta da ƙundu ma sun fi tsoka saurin juyawa, a ware su daban a fara da su. Amarya, in kuna da ɗan fili a tsakar gida, ku saye su da rai, a riƙa yanka biyu biyu. Dusa da ruwa kawai za su ci.

Goggo, Rafin Daɗi:
Mu dai hanci da hannu muka sani. Ɗiyata, ki buɗe cikin kazar ki shinshina, sannan ƙarƙashin fiffike da matsematsin cinya, nan take farawa. Ƙarni daban, wari daban. Mai kyau ƙarninta kaɗan ne, wadda ta juya kuwa tsami-tsami take yi, wani lokaci kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ki shafa fatar: in yauƙi ya biyo yatsunki, kin ɗauraye bai tafi ba, ta gama. Launi ma yakan tashi daga ja-ja ya koma toka-toka, kitsen ya yi duhu, har kore-kore. Amma in ɗan bashi ne kaɗan, ni lemun tsami nake matsawa in wanke, in tafasa sosai. Kuɗin kaza yanzu ba na zubarwa ba ne.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Goggo a gafarce ni, alamomin nan duk haka suke, amma maganar lemun tsami ban bi ki ba. Warin yake ɓoyewa kawai. Kuma wasu ƙwayoyin cutar suna barin dafi a nama wanda tafasa ba ta kashewa.

Abin da ya fi damuna shi ne kazar da ba ta wari. Ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter, waɗanda suka fi kwantar da mutane ta hanyar kaza, ba sa canza ƙamshi ko launi. Campylobacter ma sai bayan kwana 2 zuwa 5 take nunawa, shi ya sa za a kawo mana yaro da murɗar ciki da zazzaɓi, uwa ta rantse awarar jiya ce, alhali kazar farkon mako ce, ko wuƙar da aka yanka ta aka koma aka yanka latas da ita. Don haka ni awoyi nake ƙirgawa. Firij ya kamata ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza a 18 ƙasa da sifili. Ɗanyar kaza kada ta wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa 1 ce. In an ɗauke wuta, firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, rabi kuwa 24. A azumi da yara ke buɗewa kowane lokaci suna duba zoɓo, ku rage wannan lissafin.

Maman 'yan biyu, Ƙofar Marusa:
Anti, to wadda ta fara saki a firiza sai wuta ta dawo fa? Ni in na danna na ji sauran ƙanƙara a jikinta barinta nake ta sake daskarewa.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Daidai kike yi, muddin akwai ƙanƙara. In ta saki gaba ɗaya amma da sanyinta sosai, a dafa a ranar, har sai kusa da ƙashi ba ja. In kuwa kin tarar ta yi ɗumi tana iyo cikin ruwan jini a leda, ba ki san tun yaushe ba, ko ba wari a zubar.

Goggo, Rafin Daɗi:
To na ji, 'yar nan. Amma ki zo ki faɗa wa Malam da bakinki, don ni ba zan iya ce masa kazar dubu goma ta tafi bola ba.