Masu famfon insulin ku zo mu yi magana

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan zaure, ina kwananmu. Dan Allah masu famfon insulin ku taimaka min da shawara. An saka wa Ihsan famfon Medtronic 780G, wato ƙaramar na'urar da ke tura wa mai ciwon suga insulin a jiki, shekararta 11, alhamdulillah an huta da allurar safe da rana da dare amma wlh ji nake kamar sabon karatu aka ɗora mana, filasta sai ɓallewa take, na'urar na ta ƙara cikin dare, ita kuma jiya ta dawo tana kuka wai 'yan ajinsu na cewa waya ce ta ɓoye a ƙugu.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara mata lafiya. Kafin a zo maganar filasta, kar ki kuskura ki rabu da biron insulin ɗinta. Shi famfo, insulin mai saurin aiki kaɗai yake ɗauka, irin su NovoRapid ko Humalog, yana ɗiga shi kaɗan-kaɗan dare da rana, kinga yanzu babu mai dogon zango irin Lantus a jikinta. To in kanula, wato ɗan siririn bututun da ke shiga ƙarƙashin fata, ta lanƙwashe ko tiyon ya toshe, cikin 'yan awanni jikin ya wayi gari ba insulin, kiton, wato sinadarin da ke fitowa in jiki ya koma ƙona kitse, ya taru a jini, sai amai da ciwon ciki. Ni in suga ya haura 250 na ba da ƙarin insulin na gyara, awa 2 bai sauka ba, shikenan na daina yarda da famfon, biro nake ɗauka na yi allura, na canza kanula da tiyo gaba ɗaya sannan na gwada kiton a fitsari. In da amai kuwa sai asibiti ko ƙarfe nawa ne. Ki sa likitanta ya rubuta miki a takarda yunit nawa za ta koma ranar da famfon ya ƙi aiki.

Maman Ihsan: Innalillahi, ni da har na tattara birukan zan ba maƙwabciyata. Na gode Abu Safwan.

Anti Nas: Ki ajiye abinki ƙanwata. Filasta kuma gumi ne ke cire ta, a goge wurin da sifirit a bari ya bushe sosai kafin a saka, kar a shafa mai ko basilin a wajen, sai ki ɗora Tegaderm, wata filasta mai kamar leda, a kai. Kanula kwana 2 zuwa 3 ne, na san tsada ke sa mutane su ja ta har kwana biyar amma daga nan wurin ke yin ja da ruwa, suga kuma ya ƙi sauka. A riƙa zagayawa, ciki, gefen ƙugu, saman ɗuwawu, cinya. In kika shafa kika ji wani tudu mai tauri a ƙarƙashin fata ki bar wurin ya huta, insulin baya shiga daidai a nan. Kuma kar ki canza mata daf da kwanciya barci, ki yi da rana yadda za ki gani ko ta zauna.

Ɗan Damagaram: Mu nan zafi ne ke ba mu wahala, watan Afrilu rana na wuce 40. Insulin na cikin famfo in ya sha zafin da ya haura 37 lalacewa yake, ni da bazara rabi nake zubawa in ya ƙare na sake, kuma ba na barin tiyo a waje rana ta buga shi. Wanda ba a buɗe ba firij, 2 zuwa 8, banda firiza, in ya daskare ya tashi aiki. In an ɗauke wuta kwana da kwanaki sai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ka sa kwalbar a leda ruwa kar ya taɓa takardar. Af, 250 ɗin da Abu Safwan ya ce mu nan 2,5 gram ake ce mata, kar wani ya ruɗe.

Ummu Hanif: Akwai jakar Frio ta sanyaya insulin ma, jiƙa ta kawai ake a ruwa, da ita na yi Umara. Amma ni gaskiya ga yara na fi son famfon Omnipod, ba tiyo bare ya maƙale a hannun ƙofa, ana wanka da shi, yunit 200 yake ɗauka kwana 3 a cire a jefar.

Abu Safwan: A jefar fa kika ce Ummu Hanif, duk kwana 3, da canjin dalar nan? Wanda ba shi da mai aiko masa daga waje kar ya fara.

Ummu Hanif: Lol ai kowanne sai an aiko, naka sensa na auna suga a Sabon Gari kake saya? Maman Ihsan ki riƙa yin oda tun kina da sauran na wata biyu, kaya na iya maƙalewa a hanya. Naku batirin AA yake ci, wannan kam kin huta da jiran NEPA, masu famfon Tandem su ne ke yawo da fawa bank.

Anti Nas: Maganar makaranta, ki kai unifom ɗinta wajen tela ya yi mata ɗan aljihu ta ciki da ƙaramar huda ta tiyo, hijabi ya sauko ba mai gani, ko sujada ta yi baya zamewa. Ki je da kanki ki zauna da malamar ajinsu, ki nuna mata in suga ya yi ƙasa da 70 a ba ta abu mai zaƙi na giram 15, rabin kofin lemo ya isa, a sake dubawa bayan minti 15. Kar a hana ta ci a aji dan Allah.

Maman Ihsan: Toh abinci fa? Shinkafa na iya lissafawa amma tuwo da fura sun gagare ni, jiya ta sha kunun gyaɗa sai ga kibiya biyu sama a allon famfon, suga na hawa da sauri.

Ɗan Damagaram: Hhh fura ai ba ta da amana. Ki sayi ɗan sikelin kicin, malmala ɗaya ki auna ki rubuta a littafi, ki ga inda suga ya kai bayan awa 2, a haka za ki gano nata. Kunu da koko a danna mata insulin minti 15 kafin ta sha, in kika jira ta gama sun riga insulin gudu.

Abu Safwan: In za a yi mata hoton MRI ko siti sikan a cire famfon da sensa a bar su a waje. A filin jirgi ma kar ki bari su bi ta injin duba kaya, ki nuna takardar likita su duba da hannu.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri, duk na kwafe. Saura azumi, tana ta nacin bana sai ta yi.

Anti Nas: Wannan ba a zaure za a yanke ba ƙanwata, ki kai ta wajen likitanta tun a Rajab ko farkon Sha'aban ku zauna. Masu ciwon suga nau'i na 1 suna cikin waɗanda azumi ke wa haɗari, in ma an yarda to da sharaɗin in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya nan take.

Ummu Hanif: Wai cikinku akwai mai zuwa Misira ko Indiya wannan watan? Sensa biyu suka rage min.