Neman shawara: filin Majlis ko na Faldo, wanne ya fi dacewa da mai damar wasa sau ɗaya a Dubai?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu wasan golf. Ina da tafiya zuwa Dubai a watan Afrilu in Allah ya yarda, kuma harkar kasuwancin da za ta kai ni za ta cinye mini yawancin rana, don haka ba na tsammanin zan sami damar shiga fili fiye da sau ɗaya. Na tsayar da shawara a kan kulob ɗin Emirates Golf Club da ke gefen titin Sheikh Zayed, sai na tarar filaye biyu ke gare su masu rami 18, wato Majlis da Faldo, kuma kuɗin Majlis ya ɗara na Faldo. A Abuja nake wasa, handikaf ɗina, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasa (ƙaramar lamba ita ce ta gwani), yana wajen 20, kuma babbar matsalata ita ce ƙwallona yakan karkace zuwa dama a bugun farko. Ina roƙon waɗanda suka taɓa taka filayen nan biyu su faɗa mini wanda ya kamata in biya wa kuɗina, da kuma lokacin da ya fi kyau in nema.

Amsa ta farko, daga wani dattijo da ya daɗe yana wasa

Wa alaikumus salam Alhaji. Idan da gaske sau ɗaya za ka buga, to ka nemi Majlis, domin filin Faldo yana da 'yan uwa a wurare da yawa, amma Majlis shi kaɗai ne irinsa. A shekarar 1988 aka buɗe shi bisa zanen Ba'amurke Karl Litten, kuma shi ne filin ciyawa mai rami 18 na farko a Gabas ta Tsakiya, a lokacin da babu komai a kewayensa sai yashi. Tun daga 1989 ake buga gasar Dubai Desert Classic a kansa, in ban da 1991 da ba a yi ta ba, da kuma 1999 da 2000 da aka kai ta filin Dubai Creek. A nan Ernie Els ya gama zagaye da bugu 61 a 1994, Tiger Woods ya ci kofin a 2006 da 2008, kuma a nan Rory McIlroy ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 2009.

Ba don tarihi kaɗai nake faɗa ba. Rami na 8 ya isa dalili: za ka tsaya a wurin bugun farko, dogayen benayen Dubai Marina sun jeru a gabanka, hanyar ƙwallo ta haura tudu ta lanƙwasa dama, yashi da ƙananan itatuwa sun tsare gefenta. Tun da ka ce ƙwallonka yana gudu dama, a nan ne zai fi cutar da kai, don haka ka saita hagu, kada ka yi kwaɗayin yanke kwanar. Shi kuwa rami na 18 ruwa ne kwance a gaban girin ɗinsa, wato shimfiɗaɗɗiyar gajeriyar ciyawar da ramin yake ciki, wanda yake haɗe da na rami na 9. Colin Montgomerie ya tsallake ruwan nan a 1996 da sandar direba, wato doguwar sandar da aka saba yin bugun farko da ita, daga kan ciyawa, ya kuma ci gasar, amma McIlroy da kansa ya jefa ƙwallo a cikinsa a 2022, kofin ya kuɓuce masa. Mai handikaf 20 ba shi da abin da ya kai shi gwada tsallakewa a bugu na biyu. Ka ajiye ƙwallon a gaban ruwan, ka ɗauki gajeriyar sanda a bugu na uku.

Amsa ta biyu, daga wani mazaunin Dubai

Da izinin Baba, ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa ba, sai dai ina ganin bai kula da abubuwa biyu da Alhaji ya ambata ba, wato watan Afrilu da kuma rashin lokaci da rana. Majlis fili ne na rana, kuma zagayen rami 18 yakan ci awa huɗu zuwa huɗu da rabi, ban da tafiya da shiri da ɗan gwajin hannu kafin a fara. Wanda ke da alkawari da masu kaya a Deira, unguwar kasuwannin Dubai, da hantsi ba zai iya haɗa biyun ba, kuma in ya matsa zuwa bayan azahar, zafin Afrilu ya riga ya fara cizo, ko da yake bai kai na Yuli da Agusta ba, lokacin da yakan wuce digiri 40.

Faldo kuwa an kewaye ramukansa duka 18 da fitilu, ana bugawa har cikin dare. Asalinsa filin Wadi ne da aka buɗe a 1996, daga baya Nick Faldo ɗan Ingila, wanda ya ci manyan gasanni shida, ya sake fasalinsa aka buɗe a 2006. Adadin bugun da aka ƙayyade masa 73 ne, na Majlis kuma 72. Kada wani ya ce maka ƙaramin fili ne na 'yan koyo, domin a kansa aka yi gasar mata ƙwararru ta Dubai Moonlight Classic a 2019, wadda aka buga wani sashenta a ƙarƙashin fitilu. Guraben yashinsa suna da yawa, wasu da zurfi, ga kwarin da ya ratsa filin, ga ruwa a ramuka da dama. A ganina mutum ya gama ciniki, ya yi wanka, ya shiga fili iska na kaɗawa hankalinsa kwance, ya fi ya buga sanannen fili yana duba agogo a kowane rami.

Amsa ta uku, daga wata Hajiya

Alhaji, ni na buga duka biyun tare da maigidana, kuma ina so in yi maka bayanin wasan dare, tun da har yanzu ba wanda ya faɗi wahalarsa. Fitilun suna haska tsakiyar hanya da girin sosai, amma da zarar ƙwallo ya kauce gefe, inda hasken ya raunana, nemansa yakan zama aiki, kuma idan ya tashi sama ido yakan rasa shi na ɗan lokaci kafin ya sauko. Ga wanda ya ce bugunsa na farko yana karkacewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka ka tafi da ƙwallaye fiye da yadda ka saba, ka kuma roƙi abokan wasanka su tsaya a bayanka su bi maka ƙwallon da ido. Auna nisa ma yana rikicewa, saboda inuwarka takan faɗi ta fuska biyu ko uku a kan girin, sannan idan dare ya yi nisa ciyawa takan ɗauki laima, ƙwallo ya rage gudu.

Akwai kuma batun salla, wanda ya kamata ka lissafa tun wajen zaɓen lokaci. Wanda ya fara da la'asar sakaliya magariba za ta riske shi a tsakiyar fili, ga wasu 'yan wasa a bayansa suna jira. Mu abin da muka yi shi ne muka nemi lokacin da ya faɗo bayan magariba, muka yi salla sannan muka fara, muka yi isha'i bayan mun gama. Duk da haka, in aka ce in zaɓi ɗaya, ina bayan Baba, domin girin ɗin Majlis ya fi santsi da sauri, kuma ramukansa sun fi zama a zuciya. Har yau ina iya lissafa maka su, alhali na Faldo sun ɗan cakuɗe mini.

Ƙarin bayani daga dattijon

Na karɓi gyaran ɗana mazaunin Dubai game da zafi, amma maganinsa yana hannun Alhaji. Ranakun hutu a can Asabar da Lahadi ne tun daga 2022, kuma a ranakun ne 'yan kulob suka fi cika filin, don haka ya nemi lokacin farko na safiya a tsakiyar mako, ya tura alkawarinsa na ranar zuwa yamma, tun da kasuwannin Deira suna ci har dare. Zai gama kafin rana ta take. Ya yi rajista tun yana gida, kada ya bari sai ya sauka, ya riƙe shaidar handikaf ɗinsa, ya sa riga mai kwala. Abu mafi muhimmanci shi ne kada ya buga daga wurin da ƙwararru ke farawa, inda tsawon filin ya haura yadi 7,000. Akwai wuraren farawa na gaba da aka tanada domin irinmu, kuma daga can ne filin yake da daɗi. Wanda zai je a watan Janairu ne ya kamata ya yi hattara, saboda lokacin gasa ne, kuma a kwanakin gasar baƙo ba ya samun bugawa a Majlis.

Martanin mai tambaya

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, na gode ɗan uwa, Allah ya saka da alheri. Bayanin Hajiya a kan neman ƙwallo a gefen haske shi ne ya raba mini gardama, domin na san hannuna. Zan nemi safiyar Talata ko Laraba a Majlis, in buga daga wurin farawa na gaba, in kuma ajiye ƙwallo a gaban ruwan rami na 18 kamar yadda Baba ya umarta. Idan safiyar ba ta samu ba, zan karɓi Faldo bayan magariba ba tare da wani ƙorafi ba. Saura tambaya ɗaya ga ɗan uwanmu na Dubai: shin ya fi sauƙi in ɗauko sandunana a jirgi, ko in yi hayar nasu a can?