Man giyar EOD ɗina ya yi duhu, in juye ko in ƙyale shi?

Mai EOD Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana mota ku ba ni shawara don kaina ya ɗaure. Wata huɗu kenan da na sayi Honda Accord 2005, wacce muke ce wa EOD, mai silinda huɗu, atomatik. Ba sabuwar shigowa daga Kwatano ba ce, a hannun wani na saya wanda shi ma ya yi shekaru yana hawa. Mita tana nuna 187,000 kuma da yake 'yar Amurka ce mil ne, in an mayar kilomita ya kai wajen 300,000, wannan ma in ba a taɓa mitar ba.

Inji lafiya lau, ba hayaƙi ba shan baƙin mai. Matsalar giya ce. Da safe in na sa D sai ta ɗan yi jim kamar sakan biyu kafin ta kama, kuma in ta kama sai ka ji ɗan bugu, sannan daga giya ta biyu zuwa ta uku tana ɗan fizga musamman in na sha goslo a Kawo. Na zaro sandar auna man giya, mai kan ruwan ɗorawa ɗin nan, na goga a farin tishu, man ba ja ba ne ya koma kamar shayin da ya sha ganye. Na kira wanda ya sayar min ya ce shi tunda ya saya bai taɓa canzawa ba.

To bakanike na farko ya ce wlh kar in kuskura in taɓa, wai wannan tsohon man shi ke riƙe da giyar, ranar da na juye ranar za ta zauna. Na biyu kuma ya ce in kawo a jona mata na'ura a wanke cikin tas a zuba sabo, na ce wane iri, ya ce ai duk jan mai ɗaya ne. Duk sati ina yin Zariya zuwa Kaduna da iyali a ciki, ba na son ta tsaya min a hanya kuma gaskiya ba ni da kuɗin wata giya yanzu. Wanne zan bi?

Direban Tasha:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa bi maganar na farkon. Ƙanina haka ya yi wa Honda Accord ɗinsa, Baby Boy, mota tana tafiyarta aka ce ya canza man giya, ko sati biyu ba a yi ba ta daina ribas. Abin da bai dame ka ba kar ka dame shi, ka lallaɓa kayanka haka.

Bakaniken Giya Kano:

Malam mai EOD sannu, Allah ya sa alheri. Aikina kenan sama da shekara ashirin, giyar atomatik kawai, bari in yi maka bayani a tsanake don bakanikenka biyun nan kowa ya kama wani gefe ya saki wani.

Cikin giyar nan akwai faranti-faranti da muke ce wa faiba, su ne kulocin atomatik, mai ne ke matse su da ƙarfi su kama, kuma shi dai man shi ke sanyaya su. In mai ya tsufa ya sha zafi faiba tana cinyewa, garinta yana zuba cikin man, shi ne duhun da ka gani a tishu. To in giya ta riga ta gama cinyewa, faiba ta zama sumul, wannan garin da ke yawo a mai shi ne ɗan kaushin da ya rage take kamawa da shi. Ka juye ka zuba sabo sai santsi ya bayyana. Daga nan maganar "kar ka taɓa" ta samo asali, kuma ba ƙarya suke yi ba sun gani da idonsu, amma giyar da ta zauna bayan juye dama gawa ce, sabon mai tona asirinta kawai ya yi. Kuma yawancin mutanenmu ba sa tuna man giya sai ta fara ciwo, shi ya sa kullum laifin ke faɗawa kan juyen ƙarshe.

Don haka kafin komai a gane giyarka a wane hali take. Ka shinshina man. In yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, ya yi baƙi ƙirin, kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a tishu, ko in ka taka totur inji ya yi ihu allura ta haura amma mota ba ta ƙara gudu ba, to wannan ta wuce maganar mai, sai buɗewa. Ka kuma lura ko fitilar D a dashbod tana ƙiftawa, a Honda in ta fara haka kwamfutar mota ta riƙe wani lahani ne, sai a sa mata na'urar dubawa a karanta. Amma yadda ka faɗa, ruwan shayi, ɗan jinkiri da safe, ba santsi, ni a wurina wannan giya ce mai neman sabon mai, barinta haka shi zai ƙarasa ta.

Na'urar wankewa kuwa kar ka yarda. Kamfanin Honda da kansa bai yarda a yi wa giyarsa haka ba, abin da ya ce shi ne a kwance noti mai ya zubo da kansa a mayar da sabo. Giyar EOD ba ta da kwanon ƙasa irin na Toyota da za ka cire ka wanke, babbar filtarta tana can ciki sai an raba giya ake kai mata, to duk dattin da aka tayar da ƙarfi ko aka narkar da maganin wanki ina zai je? Cikin ƙananan hanyoyin mai da solonoid, wato bawul ɗin lantarki masu buɗe wa mai hanya, zai maƙale.

Yadda ake yi, mota ta yi zafi tukuna, a hau rami, notin juyewa yana jikin giya ta ƙasa, ramin kansa mai kusurwa huɗu ne, kan racet mai 3/8 ke shiga kai tsaye. Abin da zai fito wajen lita 3 ne ko ƙasa kaɗan, alhali duka giyar tana ɗaukar kamar lita 6 da rabi, sauran yana cikin kwanbata, wannan tulun da ke tsakanin inji da giya. Ka ga juye ɗaya bai kai rabi ba ma. Shi ya sa ake yi sau uku, in ka yi uku sama da kashi 80 cikin 100 ya zama sabo. Ga tsohuwar mota irin taka ni ba na yin ukun rana ɗaya, ka yi ɗaya ka hau sati biyu ko uku kana saurarenta, in lafiya ka dawo a sake. A auna abin da ya fito a galan a mayar da daidai shi. Notin yana da maganaɗisu, za ka ga baƙin laka mai laushi a kansa, wannan ba komai a goge, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro. A sa sabuwar washa, kuma kar yaron gareji ya ɗaure da bututu kamar notin taya, jikin giyar alminiyom ne zaren yana lalacewa.

Sai mai. Wanda ya ce maka duk ja ɗaya ne ka bar garejinsa. Motarka da ATF-Z1 ta fito, daga baya Honda suka maye gurbinsa da ATF DW-1, shi za ka nema. Dexron III da ake zubawa kowace mota shi ke ƙara sa Honda bugu wajen canji. Ka sayo da hannunka a rufe, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka, don jabu ya yi yawa, ana zuba wani jan mai a tsohuwar roba a liƙe.

Hajiya Mai Camry:

Malam bakanike Allah ya saka da alheri, da na samu wannan bayanin shekara biyu da suka wuce da ban yi asara ba. Tawa Camry 2008 ce, Muscle, na kai wani gareji suka zuba min man giya T-IV wai ai na Toyota ne, ashe T-IV na Big Daddy ne wato 2002 zuwa 2006, tawa WS take sha kuma a rubuce yake a jikin sandar, ni ban san ana dubawa ba. Sai da na sake juyewa har sau biyu kafin hankalina ya kwanta. Tambayata, ni an koya min in auna mai inji yana aiki mota tana P, shi ma mai EOD haka zai yi?

Bakaniken Giya Kano:

Hajiya madalla da kika tambaya, na manta wannan. A'a ba ɗaya ba ne. Toyota irin taki inji na aiki ake aunawa, mota ta yi zafi, a waje mai daidai. Honda kuwa sai ta yi zafi a kashe inji, a auna tsakanin sakan 60 zuwa 90 da kashewa. Da yawa suna auna Honda irin na Toyota su ga kamar bai kai ba su yi ta ƙarawa, mai ya yi yawa ya dinga kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba. Masu CVT kuma, wato atomatik mai aiki da bel, irin Nissan Altima da Corolla 2014 zuwa sama, nasu man daban ne kwata-kwata, kar ma su kusanci wannan jan.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Mu nan bidanj muke ce ma juye, kuma mafi yawan motocinmu na Turai ne masu giyar hannu, amma atomatik sun fara yawa. Abin da nake son in ƙara shi ne zafi. Watan Afrilu da Mayu nan ana wuce digiri 40, kuma man giya ta cikin lagireto yake bi yana hucewa, to in lagireto ya toshe ko fanka ba ta tashi, giya ma tana dahuwa ba inji kaɗai ba. Masu zuba ruwan rijiya a lagireto su yi hattara, tsatsa tana iya huda bututun da ke ciki ruwa ya haɗu da man giya, sai ka ga man ya koma kamar an zuba madara, in ya kai haka faiba ta tafi. Malam ka duba wannan wajen kafin ka kashe kuɗin mai.

Direban Tasha:

Oga bakanike na ji bayaninka kuma ban raina ba, amma fa in ya juye ta zauna kai za ka saya masa wata? Talaka ne ke magana. Ta ƙanina ma ba ta santsi kafin a taɓa ta.

Bakaniken Giya Kano:

Maigida ba zan rantse masa ba, mota mai kilomita 300,000 ba wanda zai rantse a kanta. Amma ka tambayi ƙaninka wane mai aka zuba, da na'ura aka yi ko da noti, kuma me ya sa tun farko ya je canzawa. Accord na 1998 zuwa 2002, wato Baby Boy irin ta ƙaninka, giyarsu dama an san ta da rauni, ko a Amurka an yi ta kuka da ita, har EOD mai V6 na 2003 da 2004 sai da kamfani ya kira su gyara a 2004 saboda giya ta biyu tana zafi. Ta malam mai EOD kuwa mai silinda huɗu ce, ta fi su juriya nesa. Lita 3 kawai zai canza a karon farko, fiye da rabin tsohon man yana nan ciki, ban ga hanyar da ta fi wannan sauƙin haɗari ba. In ya bar shi kuwa mai ba ya gyaruwa da kansa, kullum ƙara lalacewa yake. Wani abu kuma malam mai EOD, bugun da kake ji in ka sa D ka sa a duba injin sit, robobin da inji da giya ke zaune a kai, in sun yage suna ba da bugu irin wannan a ɗora wa giya laifi.

Mai EOD Zariya:

Na dawo da rahoto, na gode muku gaba ɗaya har da oga direba don na san tsoron asara yake ji min. Ranar Asabar na samo DW-1 roba uku na tsaya a kansu aka yi. Abin da ya fito ya kusa lita 3, a galan ya fi duhu fiye da yadda na gani a tishu amma ba ƙauri, ba alamar ruwa, a kan noti baƙin laka ne kawai na murza da yatsa ban ji ƙarfe ba. Injin sit na gaba kuwa ashe ya rabe biyu, an canza, bugun nan na safe ya tafi. Na yi Kaduna na dawo sau biyu, jinkirin shiga D ya ragu sosai, fizgar biyu zuwa uku tana nan amma ba kamar da ba, sai ta yi zafi a goslo nake jinta. Fankar lagireto ɗaya ma ba ta tashi, ɗan Maraɗi Allah ya biya ka, gobe mai waya zai duba. Malam bakanike, juye na biyun in bari sai sati ukun ya cika ko in yi ƙarshen makon nan tunda zan je Kano ɗaurin aure?

Bakaniken Giya Kano:

Alhamdu lillahi. Ka gyara fankar tukuna, ka je ɗaurin aurenka da wannan man, tafiyar za ta gauraya shi sosai. In ka dawo ka goga a tishu ka ajiye kusa da na farkon ka gani, sai a yi na biyun. In fizgar ba ta tafi ba bayan na uku a sa na'urar dubawa a gwada suwic ɗin matsin mai na giya ta uku kafin kowa ya ce maka a sauke giya.