Na rage kilo 14, in tsaya nan ko in ci gaba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Bayan haihuwata ta uku nauyina ya kai kilo 92, tsawona santimita 165. Na daina shan lemon kwalba, na rage tuwon dare, kullum ina tafiyar minti 40 bayan asuba. Yanzu ina 78, amma wata biyu ke nan sikeli ya ƙi motsi.

A lissafin BMI (ma'aunin da ke gwada nauyin mutum da tsawonsa) sai na sauko wajen kilo 68 kafin nauyina ya daidaita. Ni kuwa gwiwata ta daina ciwo, yunwar dare ce ta ishe ni, har maigida na cewa na rame kamar mai jinya. In riƙe 78 ɗin? Wadda ta taɓa tsayawa, yaya kika yi ƙibar ba ta dawo ba?