Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: wa ake yi wa wannan magana?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau kowa ya santa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Asalinta a fili yake. A da fatake na ɗauko kanwa daga wajejen Barno, a kai ko a mangalar jaki, garinta na tashi, duk wanda ya zauna kusa da su sai kansa ya yi fari ko da bai taɓa kayan ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke amfani da ita. Kullum sai yaro ya lalace ake jefa masa ita, wato kai ka zaɓi abokan banza, ga sakamako. Ni kuwa a ganina maganar ba ta ɗora laifi a kan wanda kansa ya yi fari ba. Cewa kawai ta yi kusanci na barin alama. Me kuka gani?

Baba na Kofar Mata:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu yadda muka gaje ta, gargaɗi ce. Uba ke faɗa wa ɗansa tun kafin abin ya faru, don ya san inda zai shimfiɗa tabarmarsa. Kuma addini ya riga mu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da almiski, na banza kuma da mai zugar maƙera: ko ya ƙona maka tufa, ko ka kwashi wari. Wanda aka faɗa wa haka ana nufin yana da ikon tashi ya canza wuri. In ka cire zaɓi daga maganar, ɗana, me ya rage na hikima a cikinta?

Ɗan Anka:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in kawo wani zama wanda babu zaɓi a cikinsa, don mu a nan Zamfara mun ga ƙurar da ta fi ta kanwa.

A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Sunke, Duza, Tungar Guru, da Bagega wadda ta fi su girma. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai a rasa shi. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu sanƙarau, wasu suka ce iska. Tun kafin yaran ma agwagi sun fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka shigo a watan Maris, aka gwada jinin yara, aka gano gubar dalma ce. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda.

Ta ina gubar ta shigo? Zinare ya yi tsada a duniya, noma kuma ba ya ciyar da gida shekara, sai maza suka koma haƙa. Dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. A buhu ake kawo shi gida, mata su daka a turmi a tsakar gida, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a inda ake shanya tsaba. Ƙurar ta kwanta a daɓe, a tabarma, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. To Baba, wannan jaririn, da wa ya zaɓi ya zauna? Maɗaukin kanwarsa ubansa ne, kuma uban nema wa gida abinci ya fita.

Baba na Kofar Mata:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. Amma ɗana, wannan cuta ce ta jiki. Karin maganar kan hali take. Kada mu haɗa biyun.

Anti Nas:
Baba, a gafarce ni, a nan kam biyun a haɗe suke, kuma aikina ne ya sa na sa baki. Dalma ba ta tsaya a ciki ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙe ta fiye da na babba nesa ba kusa ba, musamman in abincinsa ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe da na gina ƙashi. Wanda ya tsira da rai, sau da yawa yakan tashi da raunin fahimta, rashin natsuwa da saurin fushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Yaro ya kai shekara 10, ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, abu kaɗan ya kai duka. Malam ya ce daƙiƙi ne, uwa ta ce taurin kai, maƙwabta su ce ai hali zanen dutse. A yi ta zane shi da bulala. Alhali wani ɓangare na wannan halin ya shige shi ne tun yana cin ƙasa a tsakar gida. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, don yaron ya sha cuta sau biyu.

Akwai kuma abin da aikin Zamfara ya koya mana wanda ya dace da maganar Malam. Akwai maganin da ke wanke dalma daga jini, amma likitoci ba su fara bai wa yaran ƙauye ba sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. In ka wanke jinin yaro ka mayar da shi kan daɓen nan, aikin banza ka yi. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share garin. Wurin aka fara yi wa magani kafin mutum.

Matashin Dorayi:
Ni dai ina tsoron inda maganar nan ta dosa. In muka ce komai muhalli ne, gobe kowane ɗan shaye-shaye zai ce unguwa ce ta sa shi. A layinmu, majalisa ɗaya muka tashi da waɗanda suka faɗa shan kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Shago ɗaya, rashin aikin yi iri ɗaya. Wasu sun sha, wasu ba mu sha ba. Ai Bahaushe ma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A ruwa ta tashi, amma ta fito da yajinta.

'Yar Damagaram:
Ƙanena, albasar nan ba a wurinta ka sa ta ba. Ana faɗinta ne in ɗa ya saɓa wa halin kirkin iyayensa, abin takaici ce, ba yabon wanda ya tsira ba. Amma na ji abin da kake nufi, kuma gaskiya ne. Mu a nan Zinder fada muke ce wa irin majalisarku, akwai ta shayi da hira, akwai wadda ta lalata yara. Sai dai in tambaye ka: ku da ba ku sha ba, wa ke jiranku a gida in dare ya yi? Akwai mai tambayar ina ka tsaya? Akwai yayan da ya ja ka kasuwa ko gareji? In akwai, to kai ma zama ka yi da wani, nasa garin ne ya sauka a kanka.

Matashin Dorayi:
Akwai kam, Yaya. Mahaifiyarmu ba ta barci sai ta ji an rufe ƙofa, kawuna kuma ya sa ni koyon walda. Amma ƙafata ce ta kai ni garejin, ba ɗaukata aka yi ba.

Baba na Kofar Mata:
Yauwa, abin da nake faɗi ke nan. Allah ya yi maka albarka.

Malamin Firamare:
Ba na musun ƙafar da ta kai shi, Baba. Baligi mai hankali yana da hisabinsa. Amma ko hadisin mutumin nan da ya kashe rai ɗari, da ya nemi tuba, malamin bai tsaya kan ya gyara zuciyarsa kawai ba. Cewa ya yi ya bar garinsu, don ƙasa ce ta mugunta, ya tafi inda ake bauta wa Allah. Wato an yarda wuri na rinjayar mutum. Matsalarmu ita ce mun riƙe rabin da ke cewa tashi ka bar wurin, mun manta da wanda ba shi da inda za shi. Jariri ba ya ƙaura. Matar da ke cikin gida, wadda aka kawo wa buhun dutse aka ce ta daka, ba ta ƙaura. Mai lambu a bakin Jakara ko kogin Challawa, inda dagwalon masana'antu ke malala, bai zaɓi ruwan ba, shi ya tarar. Irin waɗannan in ka karanta musu karin maganar a matsayin gargaɗi, ka zalunce su. Wanda ya kamata ya ji ta shi ne mai ɗauke da kayan, da hukumar da ke da ikon cewa ga inda za a sauke.

Ɗan Anka:
Kuma an gwada hakan. Sarakuna da masu unguwanni sun sa baki aka fitar da daka da niƙa daga cikin gidaje zuwa bayan gari, aka koya wa masu aikin su jiƙa dutse don rage ƙura, su wanke jiki su canza kaya kafin su shiga gida su ɗauki yaro. Mutuwar ta ragu sosai. Ba a iya hana haƙar ba, don yunwa ba ta jin doka, kuma ko haramcin da gwamnati ta sa a 2019 bai cike ramukan ba. Abin baƙin cikin shi ne darasin bai yi tafiya ba. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Anti Nas:
Tunda iyaye mata na karantawa, bari in ƙara wannan. Ba sai kana kusa da ramin zinare ba. Wani kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai an gwada an sami dalma mai yawa a ciki. Haka wuraren da ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka dalmarsu, sau da yawa a cikin unguwa, yara na wasa a gefe. In maigida na irin wannan sana'a, kayan aikinsa su tsaya a waje, kada a wanke su tare da na yara. A riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci.

Baba na Kofar Mata:
'Yata, maganar kwallin nan ta tsaya mini, don duk jikokina da shi aka yi musu ado ranar suna. Zan faɗa wa iyayensu mata. Game da karin maganar kuwa, Malam, ina nan kan cewa gargaɗi ce ga mai ƙafa, kuma gobe ma zan faɗa wa samarin gidana. Amma na karɓi cewa ba a faɗa wa yaron goye. Ɗan Anka, yaran nan da suka tsira, yanzu ai sun zama samari da 'yan mata. Akwai mai bibiyar karatunsu?

Ɗan Anka:
Sun girma, Baba. Wasu sun yi aure ma. Waɗanda abin ya taɓa sosai suna gida, wani ba ya gani, wani ba ya magana, iyaye mata ke ɗawainiya da su. Ga rashin tsaro ya zo ya rufe komai, ƙauyuka da dama an watse, makaranta ta zama sai wanda Allah ya ciyar. Samarin da suka rage kuma da yawansu ramin zinaren suka koma.